Shin Da Gaske Za A Hana Keke Hawa Titi A Gombe?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan titi. Da sassafe a hanyar Tumfure ko Pantami za ka ga malamin makaranta da tela da ɗan tireda kowa a kan nasa. Da kekuna suka yi yawa, sai jita-jita ta biyo baya. Ana ta tura saƙon murya a WhatsApp cewa wai an fito da sabuwar doka: dole keke ya yi lamba, in babu a ƙwace shi, kuma nan gaba kaɗan za a hana shi hawa kwalta. Har akwai iyayen da suka fara ɗari-ɗari da barin yaransu su hau keke zuwa makaranta.

Maganar lasisi tana nan a rubuce, amma ba sabuwa ba ce. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai bayar da lasisin keke, da baro, da amalanke, da kwale-kwale, da kurar turawa wadda ba ta da inji. Babur da a-daidaita-sahu ba sa cikin wannan layi, nasu tsarin daban ne. Dattawanmu ma sun san zamanin da ake yankar lasisin keke, a ɗaura 'yar lamba a jikinsa.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Kundin ya ba ƙaramar hukuma dama ne, bai yanka farashi ba, bai kuma ce duk mai keke a Najeriya ya biya gobe ba. Kafin a karɓi ko sisi, sai dokar jiha ta miƙa aikin, kansiloli su zartar da tasu dokar da ta faɗi adadin kuɗin, sannan ma'aikacin hukuma ya karɓa ya bayar da rasit. Abin da ƙaramar hukumar Akko ta tsara ba dole ya zama shi ne na Funakaye ko Ɓalanga ba.

Inda aka fi juya wa mutane magana shi ne hukunci. Masu yaɗa saƙon suna ta ambaton tara da ɗauri, kamar mai keke ake nufi. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, wadda ita ma ta ambaci kuɗin keke a ɓangaren ƙananan hukumomi, ta ce babu wanda zai kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da kuwa ita hukumar harajin ce da kanta. Wanda ya kafa shingen, ko ya karɓi kuɗi ba shi ne aka ba izini ba, shi aka yanka wa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun.

Wato saurayin da ya gitta benci ko igiya a bakin kasuwa, ya riƙe kan keken bawan Allah ya ce sai ya biya, shi ne ya taka doka. A yau naira 50,000 ba wani abin tsoro ba ne ga masu irin wannan sana'a, amma shekara 3 a gidan yari ba wasa ba ce. Abin takaici, talaka bai san haka ba, sai ya zaro ɗari biyun da zai sayo cefane ya miƙa don a sakar masa abin hawansa.

Batun hana keke hawa kwalta kuwa ba shi da tushe. Ƙa'idojin hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke aiki da su sun ɗauki mai keke a matsayin mai amfani da titi kamar kowa. Abin da ke kansa shi ne ya bi hannun dama kusa da gefe, birkinsa ya kama, ya sa fitila da dare, kada ya bi hannun da ba nasa ba. Inda aka hana shi shi ne babbar hanya ta musamman da aka keɓe wa motoci masu gudu, ba titin Jekadafari ko Bolari ba.

A gaskiya ni abin da ya fi damuna shi ne layin da ba a karantawa. Jadawalin nan da ya ba ƙaramar hukuma damar karɓar kuɗin keke, shi ne kuma ya ɗora mata gina tituna da gyara su, da fitilun kan hanya, da magudanan ruwa. Bai ce dole a keɓe wa keke layinsa ba, wannan gaskiya ne, amma bai hana ba. Je ka dubi gefen da aka ce mai keke ya bi: yashin da ruwan sama ya taro ya cika shi, kwalbati a buɗe babu murfi, mai a-daidaita-sahu ya tsaya cak yana sauke fasinja. Dole mai keke ya kauce ya faɗa tsakiyar titi, direba ya danna masa ham ya bi shi da zagi. Ba adalci ba ne a tuna da shi ranar karɓar kuɗi, a manta da shi ranar zuba kwalta.

Ba kowane titi ne na ƙaramar hukuma ba. Hanyar Bauchi zuwa Gombe zuwa Yola ta gwamnatin tarayya ce, manyan titunan cikin gari da ayyuka irin su Network 11-100, mai burin kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 11, na jiha ne. Amma layukan unguwa, da hanyoyin ƙauye zuwa kasuwa, da wurin ajiye keke a bakin tasha, suna hannun ciyaman da kansiloli. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, mutanen mazaɓa sun ƙara samun bakin tambaya. Kwashe yashi, rufe kwalbati da shafa farin fenti a gefen titin makaranta ba sa bukatar babbar kwangila, kuma kansilan unguwarku zai iya kawo su a kasafin kuɗin shekara idan kun je kun same shi.