Waiwaye: Fombina, ƙasar da Yola ba ta taɓa riƙe ta da hannu ɗaya ba

A watan Disamba na 2024 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sanar da kafa sababbin masarautu bakwai a Jihar Adamawa, ciki har da na Fufore da Maiha da Hong da Gombi da Michika da Madagali. Wasu sun yi ta guɗa, suna cewa yau an ba kowace al'umma kujerarta. Wasu kuma sun ce an yanke wa Lamiɗo, sarkin Adamawa da ke Yola, fiffike, an yi wa gadon Modibbo Adama gunduwa-gunduwa. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar dā can ƙasa ce guda dunƙulalliya, wadda Yola ke juya ta yadda ta so. Tarihi bai nuna haka ba.

Wajen 1809 ne Modibbo Adama, ɗan Arɗo Hassana, ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka ɗora masa jagorancin jihadi a Fombina, wato ƙasashen kudu, can bakin iyakar daular Sakkwato ta gabas. Malami ne da ya yi karatu a Barno, ba shi da tarin shanu ko yawan mayaƙa irin na manyan arɗo-arɗon yankin. Dangin nasa, Ba'en, ƙanana ne idan aka kwatanta da sauran dangogin Fulani irin su Yillaga'en da Wollarɓe da Feroɓe, waɗanda kowanne ya daɗe da mazauninsa da shugabansa tun kafin a ji labarin jihadi. Saboda haka abin da Adama ya yi shi ne raba tutoci ga waɗannan shugabanni, kowa ya je ya buɗe ƙasa a gabansa, ya riƙa aiko da gaisuwa. Shi kansa bai zauna wuri guda ba. Daga Gurin ya koma Ribadu, daga nan Joboliyo, sai a 1841 ya kafa Yola kusa da kogin Binuwai, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa.

Da wannan rabon tutoci aka samu ƙananan masarautu fiye da 40, daga Marwa a arewa har Ngaundare da Tibati da Banyo a kan tudun kudu. Tafiya daga Yola zuwa wasunsu takan ci makonni, ga duwatsu, ga koguna da ba sa ƙetaruwa da damina. Wanda ya yi nisa haka, kuma yake da dawakai da bayi fiye da na ubangidansa, biyayyarsa sai yadda ya ga dama. Buba Njidda na Rai ya yi ta ja-in-ja da Adama. Hamman Sambo na Tibati ya tafi har Sakkwato yana neman tutar kansa don ya fita daga ƙarƙashin Yola, kuma bayan Adama sai da Lamiɗo Lawal, wanda ya yi sarauta daga 1847 zuwa 1872, ya ɗaura wa Tibati yaƙi. A takarda Yola ce ke tabbatar da naɗin sabon lamiɗo a kowace masarauta. A aikace sau da yawa tana sa albarka ne kawai ga wanda mutanen gari suka riga suka tsayar.

Wannan fa tsakanin Fulani ke nan, su da suke 'yan tsiraru a ƙasar. Mafi yawan jama'a wasu ne daban: Bata da Bachama a kwarin Binuwai, Chamba da Verre a duwatsun Alantika da kewayensu, Kilba da Margi da Higgi da Gude da Fali a arewa, Giziga da Mundang da Musgum wajen Marwa, Mbum da Dii da Gbaya da Vute da Tikar a kudu. Ba hanya ɗaya aka bi da su ba. Batan Bagale, da ke kallon Yola daga kan dutse, sun yi shekaru da yawa suna turjiya kafin Lawal ya ci su. Bachama na Numan ba a taɓa mallake su ba. Wasu ƙungiyoyin Chamba sun gwammace ƙaura, suka nausa kudu da yaƙinsu har suka kafa garuruwan Bali a tsaunukan yammacin Kamaru na yau. Mutanen duwatsun Mandara kuwa sun ƙara hayewa sama inda doki ba ya iya binsu, suka yi ta noma a kan matakalar dutse. Wasu al'ummun sun karɓi amana, suna biyan abin da aka yanka musu a bar su da sarakunansu da addininsu. Waɗanda ba su karɓa ba, su ne ake kai wa hari da rani.

Ba za a ɓoye ba, arzikin Fombina bayi ne da hauren giwa. Gaisuwar da masarautun kudu ke aikawa Yola, da wadda Yola ke aikawa Sakkwato, akasarinta mutane ne. Bayi ke noma a rumada, su ne kuma ke ciyar da biranen. Wannan ya sa musuluntar da maƙwabta bai zama abin gaggawa ga sarakuna da yawa ba, domin wanda ya musulunta ya fita daga cikin waɗanda ya halatta a kama. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa har yau wani ɗan Hong ko ɗan Michika yake ɗaure fuska idan aka ce masa shi talakan Lamiɗo ne, to daga nan zai fara.

Ngaundare ta fi ko'ina ban sha'awa. Fulanin Wollarɓe da suka kafa ta wajen shekarun 1830 sun tarar da Mbum da sarakunansu masu laƙabin Belaka, sai suka haɗa jini da su maimakon su kore su, har ya zama al'ada a samu lamiɗon da uwarsa 'yar Mbum ce. Fada ta kasu biyu, akwai majalisar 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, akwai ta bayin sarki, kuma a hannun ta biyun ne rundunar yaƙi da tsaron gidan sarki suke. Mulkin ma ba na iyakar ƙasa ba ne. Abin da ake kira tokkal shi ne tsarin: kowane mai sarauta yana da mutanen da ke binsa, ko da ƙauyukansu a warwatse suke, ta hannunsa haraji ke wucewa, ta bakinsa kuka ke isa wurin lamiɗo. Sunayen sarautun kansu aro ne daga Barno da ƙasar Hausa, irin su Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi da Ajiya. Fatake Hausawa da Barebari suna da unguwanninsu da sarkinsu a manyan garuruwa, su ne ke sayen haure da goron da ke fitowa ta Banyo. Ta wannan hanyar kasuwanci da yaƙi Musulunci ya shiga fadar Bamun, masarautar da ke kudu da Banyo, bayan da Sarki Njoya ya nemi taimakon mayaƙan Banyo a shekarun 1890 don murƙushe tawaye a gidansa.

Kafin Turawa su iso ma igiyar ta riga ta yi sako-sako. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya zauna a Balda, wajen Marwa, yana kira zuwa ga Mahadin Sudan, jama'ar arewacin ƙasar suka yi ta binsa, kuma a 1893 ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu. A wannan shekarar ce Ingila da Jamus suka ja layi a taswira, suka zagaye Yola suka bar ta a ɓangaren Ingila, mafi yawan masarautun da ke binta kuma suka faɗa hannun Jamus. Jamusawa sun ci Tibati a 1899. Sojojin Ingila sun shiga Yola a watan Satumba na 1901, Zubairu ya fice, ya sake gwabzawa da Jamusawa a Marwa a farkon 1902, aka kashe shi a 1903. Ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu aka ɗora, ya gaji suna babba da ƙasa 'yar kaɗan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Turawan da suka raba Lamiɗo da manyan masarautunsa su ne kuma suka ƙarfafa hannunsa a kan ragowar. Tsarin En'e yana son hakimi mai gunduma da littafin haraji, sai aka miƙa wa hakiman Fulani ƙauyukan dutse da kakanninsu ba su taɓa iya hawa ba, da bindigar gwamnati a bayansu. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da yaransa suka kai da adadin mutanen da suka kamo, a zamanin da Turawa ke cewa sun hana bauta. Sai a 1927 aka tuɓe shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko an ba Ingila riƙon wani siririn yanki na tsohuwar Kamarun Jamus, ta haɗa yawancin ɓangarensa na arewa da Yola. Da aka tambayi mutanen wannan ɓangaren na arewa a ƙuri'ar raba gardama ta 1959, sai suka ƙi zaɓar Najeriya, suka ce a ɗage maganar. Sardauna Ahmadu Bello ya gane saƙon. Ba Najeriya suke gudu ba, En'en Yola suke gudu. Aka cire su daga ƙarƙashinta, aka ba Mubi da Ganye hukumominsu, kuma a ƙuri'ar Fabrairu 1961 kusan kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna. Daga nan aka shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sai rabuwar Adamawa da Taraba a 1991, kowane mataki da sababbin sanduna da aka miƙa wa sarakunan da dā ba a lissafa su.

A ƙetaren iyaka labarin ya bi wata hanya. Faransa ta yi aiki da lamiɓe, wato sarakunan ƙananan masarautun, ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani babba a kansu ba. Shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya riƙe arewacin Kamaru a matsayin lardi guda, magajinsa Paul Biya ya tsaga shi uku a 1983, sunan Adamawa ya koma kan yankin Ngaundare kaɗai. Dokar 1977 ta mayar da sarakuna mataimakan gwamnati masu daraja hawa uku. Duk da haka gidan Buba Njidda a Rai, wanda ya fi kowa wahalar da Yola, har yanzu yana da dogarawansa da faɗa a ji a ƙasarsa, kuma a 2013 lamiɗonsa, Abubakari Abdullahi, ya zama mataimaki na farko ga shugaban majalisar dattawan Kamaru.