Waiwaye: Wa ke ba da ƙasar da ake wanke dagwalon masana'antu?

Duk inda aka ce za a gina matatar dagwalon masana'antu, kafin a aza tubali ɗaya cacar baki ta riga ta kaure. Masu goyon baya su nuna kogin da ya koma baƙi ƙirin, matattun kifaye na yawo a samansa, su ce wane mai hankali ne zai tare hanyar gyara. Waɗanda safiyo ya kafa wa turaku masu jan fenti a tsakiyar gona kuma su ce ai sun fi kowa sanin warin kogin, tunda da shi suke kwana, amma don me gyaran ba zai yiwu ba sai da gonarsu. Daga nan maganar takan zame ta koma ta kuɗi: nawa aka biya hekta, nawa aka yi wa bishiya, sunan wa aka tsallake a takardar diyya. Mai sauraro sai ya zaci jiya aka haifi rikicin, tare da dokokin muhalli na zamani. Ya haura shekara ɗari yana tafe, kuma tun asali ba daga farashi ya taso ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1858 warin kogin Thames ya hana 'yan majalisar Ingila sakat, injiniya Joseph Bazalgette ya shimfiɗa manyan magudanai da suka kwashe ƙazantar Landan zuwa gabas, can gangaren kogi. Berlin da Paris suka bi ta gonaki. Daga 1874 Berlin ta shiga sayen gandaye a kewayenta tana malala musu ruwan magudana, har filayen suka kai kimanin hekta 10,000 a shekarun 1920. Paris ta yi haka a Gennevilliers da Achères da Pierrelaye. Manoma da yawa sun ɗauke shi taki ne kyauta, sai da ruwan masana'antu ya shekara kusan ɗari yana gauraya da na gidaje, dalma da sauran ƙarafa suka taru a ƙasa, har wajen shekarar 2000 aka hana noman kayan lambu na ci a filin Pierrelaye. A 1914 Ardern da Lockett a Manchester suka fito da dabarar hura iska cikin ruwan ƙazanta don ƙwayoyin halitta su cinye dattin, abin da ya rage girman filin da ake buƙata ƙwarai. Littattafan injiniyoyi a nan suke tsayawa su yi tafi.

Abin da ya fi shafar mai gona kuwa a Japan ya faru, a wani ƙauye mai suna Yanaka, wanda yau babu shi a taswira.

Kogin Watarase yana gangarowa ne daga duwatsun lardin Tochigi, arewa da Tokyo, ya ratsa filayen shinkafa kafin ya faɗa kogin Tone. A samansa akwai mahaƙar tagulla da ta bunƙasa a shekarun 1880. Dagwalonta ya shiga kogin, kifi ne ya fara mutuwa. Hayaƙin narka ƙarfe da saran itace suka tsiraita tsaunuka, ruwan sama ya rasa abin da zai riƙe shi, ambaliya ta ƙaru. Ta 1890 ta shimfiɗa laka mai guba a gonaki, ta 1896 ta fi ta muni, shinkafa ta riƙa bushewa a tsaye. Wani ɗan majalisa daga yankin, Tanaka Shozo, ya kai maganar zauren majalisa tun 1891. Manoma suka riƙa yin ayari a ƙafa zuwa Tokyo don kai kuka, har a watan Fabrairun 1900 aka tare su a Kawamata aka kama da dama. A 1901 Tanaka ya ajiye kujerarsa, a watan Disamba ya tsaya bakin hanya ya nufi keken dokin Sarkin Japan da takardar koke a hannu, kasadar da a zamanin ana iya rasa rai a kanta. Bukatar manoman guda ce, kowa ya gane ta: a tsayar da gubar daga inda take fitowa.

Tsakanin 1902 da 1903 aka sake wa matsalar suna, kuma a nan ne hanya ta rabu. Binciken da aka yi a lokacin ya kalli abin ta fuskar ambaliya: tunda ambaliya ce ke kai gubar gonaki, to a magance ambaliya. Maganin shi ne a sami wani wuri mai faɗi a gangare, a bar ruwan ya kwanta a can, lakar ta zauna, kafin ya wuce kogin Tone. A lissafin injiniya maganar ba ta da aibi, kuma har yau filin yana tare ambaliya. Sai dai tambayar ta riga ta sauya. Da ana tambayar yadda za a hana gubar fita, yanzu ana tambayar inda za a ajiye ta, kuma duk wurin da aka nuna da yatsa akwai masu shi. An bar jaki ana dukan taiki.

An fara duba ƙauyuka biyu a lardin Saitama, Kawabe da Toshima. Mutanensu suka haɗa kai suka ce in an taɓa su ba su ba haraji, ba su ba aikin soja, sai aka janye. Kallo ya koma Yanaka, mai mutum sama da 2,000, wanda ke zaune a kwari inda koguna suka haɗu. Kafin zuwan guba ambaliya ma alheri ce gare su, don ita ke kawo musu laka mai taki da kifi. A 1902 ruwa ya fasa ganuwar da ke kare ƙauyen, ba a yi mata gyaran kirki ba, amfanin gona ya yi ta nutsewa shekara bayan shekara. Da aka zo sayen filayen, ƙasar da guba da ruwa suka riga suka kassara ita aka yi wa kuɗi. Wannan ɗan bayani shi ya fi tsaya mini a rai cikin labarin duka: ɓarnar da ta sa ake neman ƙasarka ita ce kuma ta karya mata daraja, sannan a biya ka a kan karyayyen farashin.

Tanaka ya tattara ya koma Yanaka da zama a 1904. A 1906 aka soke sunan ƙauyen, aka haɗe shi da garin Fujioka. A 1907 aka yi amfani da dokar karɓe ƙasa don amfanin jama'a, aka rushe gidaje 16 na waɗanda suka ƙi tashi. Ba su tafi ba. Suka kafa bukkoki a kan kufan gidajensu, ruwa na cin su, har 1917. Cikin waɗanda suka tashi tun farko, wasu a 1911 aka kai su Saroma a tsibirin Hokkaido, ƙasar ƙanƙara da ba ta san shinkafarsu ba, suka raɗa wa sabon mazauninsu Tochigi. Tanaka ya rasu a 1913, cikin ɗan abin da aka samu a jakar tsummarsa akwai littattafan da yake rubuta al'amuran yau da kullum, da Sabon Alkawari, da kundin tsarin mulki, da 'yan tsakuwoyi uku. Mahaƙar kuwa ta ci gaba da aiki har 1973.

Yanaka ba matata ba ce irin ta yau mai tankuna da injinan hura iska, tafki ne kawai na kwantar da laka. Amma duk abin da ake jayayya a kansa yanzu yana cikin labarinsa. Ruwa gangare yake bi, don haka wurin da ya fi arha a gina matata shi ne ƙasa da masana'antu, kusa da kogi, a shimfiɗaɗɗen fili mara tsada. Wa ke zaune a irin wannan wuri? Mutanen da dagwalon ya riga ya shekara yana bi ta kansu. Sau biyu ke nan suke biya, da lafiya da amfanin gona, sannan da gonar kanta. In kuma akwai wurare biyu da suka dace, wanda mutanensa ba su da murya shi ake ɗauka, kamar yadda Kawabe da Toshima suka tsira Yanaka ya tafi. Kalmar "amfanin jama'a" tana da nauyin da ke sa mai ƙorafi ya yi kama da maƙiyin tsafta, alhali dattin da za a wanke na masu riba ne da ke can saman kogi.

Bayan haka dokoki sun zo da yawa. Amurka ta yi dokar tsaftar ruwa a 1972, ƙasashe suka bi sahu, aka wajabta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Ƙananan majemu da marinu ba su da kuɗi ko filin gina matata kowanne tasa, sai aka ɓullo da matatar haɗaka, wadda Indiya ta fara tallafa wa ginawa a 1991. Dabara ce mai ma'ana, amma ta tattara buƙatar fili wuri guda: tankuna, tafkunan shanya laka, hanyar bututu, da tazarar da za a bari saboda wari. A Jajmau da ke birnin Kanpur na Indiya, matatar da ta fara aiki a 1994 an tsara ta ne ta karɓi lita miliyan 36 a rana, miliyan 9 daga majemu, sauran daga gidaje, ruwan da ya fito a tura shi gonakin ƙauyukan gangare don ban-ruwa. Da majemu suka ƙaru, sinadarin kuromiyam ya bi ruwan zuwa gonakin. Waɗannan gonaki ba wanda ya karɓe su, suna hannun masu su, saboda haka ba sa cikin kowace takardar diyya. A Bangladesh kuma, an ware eka 200 a Savar tun 2003 don kwashe majemun Hazaribagh daga Dhaka, aka yi ƙaurar a 2017 kafin matatar haɗakar ta kammala tsayuwa da ƙafarta. Kogin Buriganga na Dhaka ya ɗan sarara, na Dhaleshwari da ke Savar ya gaji nauyin, dubban ma'aikata kuma suka tarar aikinsu ya yi nisa da gidajensu.

Ta fuskar haƙƙin waɗanda ake tasa, an sami ci gaba na gaske, ba a musu. Bankin Duniya ya fitar da ƙa'idarsa ta farko kan tayar da jama'a a 1980, ya sabunta ta a 1990 da 2001 da 2018. Michael Cernea, masanin zamantakewa da ya yi aiki a can, ya jero hanyoyi takwas da tashi ke talauta mutum, ciki har da biyu da mai ƙiyasin diyya ba ya gani: rasa abin da ake mora tare, kamar makiyaya da mashaya da wurin kamun kifi, da kuma wargajewar zumunci, wato maƙwabcin da ke ba ka rance da dangin da ke taya ka girbi. Indiya ta yi amfani da dokar karɓe ƙasa ta 1894 har 2013, sannan ta maye ta da wadda ta wajabta nazarin tasirin aiki ga jama'a, ta sa 'yan ƙodago da masu noman haya cikin waɗanda abin ya shafa, ta kuma nemi amincewar kashi 80 cikin ɗari na iyalai idan aikin na kamfani ne, kashi 70 idan na haɗin gwiwa ne. Sharaɗin amincewar bai hau kan aikin da hukuma ke yi da kanta ba.

Ko da dokar ta yi kyau, takardar ƙiyasi abin da ido ke gani take ƙirgawa. Mai ƙiyasi ya zo da awo da kyamara a rana ɗaya, ya rubuta fili kaza, bishiya kaza, rijiya ɗaya, sunan mai takarda. Matar da ke noma gefen gonar mijinta ba ta fito ba. Makiyayin da ke sauka wurin da rani bai zo ba tukuna. Masuncin da ke ratsa filin zuwa bakin ruwa ba shi da abin nunawa. Gidan da katangar matata ta tsaya daidai bayansa ba a taɓa shi ba, don haka ba a bin kowa bashinsa, sai dai wari da ƙuda da manyan motocin kwasar laka, da kuma ranar da ya so sayarwa ya rasa mai taya. Kuɗin da aka biya a dunƙule kuwa, kafin mai shi ya sami wata gonar farashin kewaye ya tashi, domin duk waɗanda aka tasa a lokaci guda suke nema.

Ko sabuwar dabarar da ake yabo, ta hana ko ɗigo fita daga masana'anta, ba ta raba mu da neman ƙasa ba. A Tiruppur da ke kudancin Indiya, bayan kotu ta rufe ɗaruruwan marinu a 2011 saboda halin da kogin Noyyal da manomansa suka shiga, an koma tace ruwan ana sake amfani da shi. Abin da ya rage shi ne tulin gishiri da busasshiyar laka, a buhu-buhu, waɗanda su ma sai an sama musu wurin zama.

Filin da Yanaka ya kasance yanzu yana cikin wata fadama mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 33, cike da kyauro da tsuntsaye, kuma tun 2012 tana cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A kudancinsa akwai tafki da aka haƙa daga baya, wanda in an hango shi daga sama yake da siffar zuciya, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hotonsa. Lotsawar da ta ba shi wannan siffa ta samu ne saboda jikokin mutanen ƙauyen sun tsaya kai da fata kada a haƙe kufan gidajen da maƙabartar kakanninsu, sai aka karkatar da bakin tafkin ya kewaye su.