Waiwaye: Haɗa Jadawalin Bayanai ta Hanyar Mabuɗi Guda

Mai bincike a Marwa ko Ngaundere da yake son sanin mutum nawa cikin dubu zazzaɓin cizon sauro ya kama a wata gunduma, ba makawa sai ya haɗa jadawali biyu, na asibitoci da na ƙidayar jama'a. Abin da ke ɗinke su shi ne ginshiƙin da kowannensu yake da shi, kamar sunan gundumar ko lambarta, wanda ake kira mabuɗi.

Wannan aiki ya girmi kwamfuta. A 1937 kamfanin IBM ya fito da na'urar da ke karanta tulin katuna biyu masu huji, tana haɗa waɗanda lambarsu ta zo ɗaya. A 1970 ne Edgar Codd, ma'aikacin wannan kamfani a Amurka, ya shimfiɗa ƙa'idar ajiye bayanai a jadawali dabam-dabam a riƙa haɗa su lokacin buƙata, kuma a kanta aka gina SQL, harshen da ake neman bayanai da shi a rumbun bayanai na kwamfuta. Manhajojin bincike irin su SPSS da Stata da R da pandas kowace tana da nata umarnin, yayin da a ofisoshinmu da yawa RECHERCHEV, umarnin Excel na nemo bayani daga wani jadawali, ake dogara da shi har yau.

Manhajojin ba su ɗauki layin da ya ƙi haɗuwa iri ɗaya ba. Stata tana ƙara ginshiƙin _merge, inda 3 ke nufin layin ya samu abokinsa, 1 ko 2 kuma yana gefe ɗaya kawai. Umarnin merge na R kuwa, in ba a faɗa masa ba, zubar da irin waɗannan layuka yake yi shiru. Idan kuma mabuɗi ya maimaitu a ɓangarorin biyu, layuka su hayayyafa, jimilla ta kumbura.

A nan arewacin Kamaru, babbar matsalar tana cikin mabuɗin kansa. Kousséri da Kousseri gari ɗaya ne a wurinmu, amma biyu ne a wurin na'ura saboda alamar da ke kan harafi ɗaya. Wannan ma mai sauƙi ne, domin layin da ya ƙi haɗuwa ana iya ganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne haɗuwar ƙarya. Lokacin ƙidayar 1976, lardin Nord ya ƙunshi Garwa da Marwa da Ngaundere baki ɗaya. A 1983 aka raba shi uku, don haka Nord na ƙidayar 1987 da 2005 yankin Garwa ne kaɗai. Wanda ya haɗa su da suna, Stata za ta ba shi 3 ba gardama, shi kuma ya ɗauka jama'ar lardin sun ragu ƙwarai. Chadi ma ta sha sake fasalin yankunanta tsakanin ƙidayar 1993 da ta 2009.

Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin tafkin Chadi suka fi amfani da lambobin wurare na OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jin ƙai, maimakon sunaye, kodayake su ma sai an duba shekarar da aka fitar da jerin kafin a haɗa su da tsofaffin alƙaluma.