Idan kyanwa ta daina cin abinci, kada a jira yunwa

An daɗe ana cewa, "Ƙyale ta, in yunwa ta ishe ta za ta ci." Masu faɗar haka ba mugunta suke nufi ba, sai dai jikin kyanwa ba ya jure rashin ci. Idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta sa komai a baki ba, kitsen jikinta yakan taru a hanta har hantar ta kasa aiki. Wannan ciwo yana kisa, kuma mai ƙiba ta fi shiga haɗari.

Ka duba da kanka. Ɗaga leɓenta a hankali: dasashi ya yi fari ko rawaya? Haƙori ya karye? Dubi hancinta ma, domin kyanwar da ba ta jin ƙanshi ba ta kula abinci. Ɗan ɗumama shi ƙanshin ya tashi, amma kada ka yi mata ɗura.

Awa 24 ba ci, sai wurin likitan dabbobi. 'Yar ƙarama kuwa ko hakan ba a jira. Don Allah kada a ba ta farasitamol, guba ne a gare ta.

A taimaka a tura wa masu kiwon kyanwa wannan bayani.