Yarona baya barci da dare, ko lafiya?

Tunda zafi ya shigo Katsina iyaye mata ke ta turo mani tambayoyin nan, bari in amsa su wuri guda.

Jaririna wata 2, sau uku sau huɗu yake tashi da dare, ciwo ne?

A'a 'yar uwa, cikinsa ƙarami ne, nono baya daɗewa a ciki dole ya tashi ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya tace daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar awa 14 zuwa 17, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14, harda barcin rana a lissafin. In kukan yayi yawa duba wuyansa ko ƙurajen zafi ne, a rage masa kaya, a sa gidan sauro, kuma a kwantar da shi rigingine.

Nawa kuma barci yake tayi, kakarsa tace yaron kirki ne.

Wallahi wannan yafi bani tsoro. Jaririn da sai an girgiza shi yake farkawa, ya kama nono ya saki, jiki ya saki ko yayi zafi, ko idonsa yayi ɗorawa irin na shawara, kar a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.

Minsharin yaro fa?

In mura ce ko ƙurar hunturu ta toshe hanci zai wuce. Amma wanda kullum sai yayi, baki buɗe, kiji numfashin ya tsaya ɗif sannan ya ja shi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, da rana ga rigima ga gyangyaɗi a islamiyya, sau da yawa tsokar bayan hanci ce ko ta maƙogwaro ta kumbura. Ɗauki bidiyonsa a waya yana barci ki nuna wa likita, dan Allah kar a kai shi wajen wanzami cire belu, ba nan matsalar take ba.

Yana zabura da ihu, ido buɗe amma bai gane ni ba.

Firgitar barci ce, da safe bai ma tuna komai. Ki zauna kusa da shi kar ya faɗo, ki masa addu'a, yawanci da girma take wucewa. In ko jiki na karkarwa yana sanƙarewa to jijjiga ce, sai asibiti.

In ba shi Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci, ya samu barci?

Kul, sai dai in likita ne ya rubuta.