Ƙibar ƙananan yara: gado ce ko cima?

Wai da gaske ana gadon ƙiba?

Ana gado, amma ba kitsen ake gada ba. Abin da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba shi ne ƙwayoyin halitta masu tsara yadda zai ji yunwa da yadda zai ƙoshi. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyin jiki tsakanin mutane daga gado yake. Shi ya sa za ka ga yara biyu a kwano ɗaya, wannan ya yi loma biyar ya tashi wasa, wancan sai ya suɗe kwanon yana leƙen tukunya.

Me ya haɗa ƙwayoyin halitta da yunwa?

Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari, leftin, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa akwai ajiya, a sassauta ci. Jeffrey Friedman ne ya gano shi a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, a jikin ɓeraye.

A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila, ciki har da Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, suka ci karo da yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya samar da leftin mai aiki. Yarinyar tana da shekara 8, nauyinta kilo 86. Yaron shekararsa 2, kilo 29, wato ya ninka sa'o'insa har da ɗoriya. Kullum cikin neman abinci suke, domin ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka fari ake yi. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin kowace rana, cin ya lafa, ta sauke kusan kilo 16 cikin shekara guda. Yaro irin wannan a unguwarmu sunansa acici, kuma ba mamaki ya sha bulala a kan abin da ba laifinsa ba.

Shin auren zumunci yana da hannu?

A irin wannan larura, eh. Sai yaro ya gaji ƙwayar mai tangarɗa daga uwa da uba duka kafin ta bayyana, kamar dai sikila, kuma iyayen waɗancan yaran 'yan uwan juna ne. Sai dai larurar ba ta da yawa ko kaɗan a duniya.

To duk yaro lukuti haka abin yake?

A'a. Mafi yawa a cikin larurorin gado masu ƙarfi irin wannan ita ce tangarɗar wata ƙwayar halitta mai suna MC4R, ita ma ba ta wuce kaso kaɗan na yaran da ƙibarsu ta yi tsanani tun suna ƙanana ba. Sauran yara ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne suke taruwa, kowanne ya ƙara ɗan abin da ya samu. Wadda ta fi suna ita ce ƙwayar FTO, da aka bayyana a 2007: babban mutumin da ya gaji nau'inta mai ƙara ƙiba daga uwa da uba duka yakan fi wanda bai gada ba da kimanin kilo 3. A kan Turawa aka yi yawancin wannan bincike, don haka ni ba na gaggawar ɗora alƙaluman a kan yaran Kano ko Maraɗi.

Kuma ƙwayoyin halittarmu ba su canja ba daga zamanin kakanni. Lemon kwalba, biskit, taliyar leda da zaman kallon waya su ne baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 masu nauyi fiye da kima a 2022.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan ƙibar ta yi tsanani kafin shekara 5, yaron ba ya ƙoshi, yana kuka idan an ɗauke kwano, ko yana tashi cikin dare neman abinci. Haka jaririn da aka haifa jiki sakwaf, ba ya iya kama nono, daga baya ya koma ci ba ƙaƙƙautawa. A nan likita zai duba ko Prader-Willi ce, wata larurar ƙwayoyin halitta da ake haifar yaro da ita. A kula, kumburin ƙafa da fuska na tamowa ba ƙiba ba ce, wannan na gaggawa ne.

Akwai magani?

Ga 'yan tsirarun, akwai. Ban da allurar leftin, Amurka ta amince da wani magani mai suna Imcivree a 2020 don wasu nau'o'in ƙibar gado, bayan gwaji ya tabbatar. Ga sauran, gyara daga tukunyar gida yake farawa, kowa ya ci iri ɗaya, kada a ware yaron da kwanonsa daban yana kallon 'yan uwansa da lemo a hannu.