Ma'anar tsara furanni, aikin da rabinsa ke cikin ruwa

Idan aka ce tsara furanni, ko haɗa fulawa kamar yadda wasu ke faɗa, ana nufin a ɗauki furannin da aka yanko daga jikin tsiro, haɗe da ganye da rassa, a jera su cikin mazubi ko a ɗaure su dami, kowanne ya sami gurbinsa, kuma su kwana biyu ba su yi yaushi ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka cusa furanni ne kawai cikin kwalba a zuba ruwa. Mai tsarawa kuwa sai ya auna tsayi da launi, ya san inda za a ajiye abin, ya san ta wane ɓangare za a kalle shi. An fi neman wannan aiki lokacin bukukuwa, domin ƙawata teburin da iyali da baƙi za su zauna, ko domin kyautar da za a miƙa wa wani hannu da hannu.

Sana'ar ba ta yau ba ce. A kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a Masar a 1922, an tarar da sarƙoƙin fure da ganye da aka saƙa fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Japanawa suna da nasu salon mai suna ikebana, wanda makarantar Ikenobo ta birnin Kyoto ke koyarwa tun ƙarni na 15. Su rassa kaɗan suke sawa, su bar fili a tsakani da gangan. Turawa kuma sun fi son mazubi ya cika ya batse.

Kowane salo mutum ya bi, abu na farko da ya kamata ya riƙe shi ne furen da aka yanka bai mutu ba tukuna. Yana ci gaba da zuƙar ruwa ta wasu siraran jijiyoyi da ke cikin kara, toho yana buɗewa, ganye yana fitar da danshi. Abu biyu ke toshe waɗannan jijiyoyi: iskar da ke shiga ta bakin yanka idan kara ya jima a waje, da ƙwayoyin bakteriya da ke hayayyafa cikin ruwa. Shi ya sa gwanaye ke fara aiki da wanke mazubi tas da sabulu. Daga nan su datse ƙarshen kowane kara kamar santimita 2 zuwa 3, a karkace, da wuƙa mai kaifi. Almakashi mai dakushi murƙushe jijiyoyin yake yi. Yankan karkace kuwa yana hana kara zama daram a gindin mazubi ya rufe bakinsa. Duk ganyen da zai nutse a ruwa a tsige shi, domin shi ne ke fara ruɓewa. Sai a bar furannin su sha ruwa na wasu awanni a wuri mai sanyi kafin a fara jeri.

Akwai dalilin wannan jira. Yawancin furen wardi da ake sayarwa a Turai a gonakin Kenya ake nomansa, musamman a gefen tafkin Naivasha, da kuma Habasha. Jirgin sama ke ɗaukarsa, da yawa ya bi ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Amurka kuma ta fi samun nata daga Kwalambiya da Ekwado. Kafin fure ya iso hannun mai saye, ya yi kwanaki a kwali yana jin ƙishi. Duba wardin da ya sunkuyar da kai, wuyansa ya lanƙwashe daidai ƙasan toho alhali ganyen furen bai bushe ba. Ruwa ne bai isa sama ba. A sake datse karan, a naɗe kan da takarda ya miƙe, a tsoma shi cikin ruwa mai zurfi, sau da yawa kafin 'yan awanni ya ɗago.

'Yar ledar garin magani da ake haɗowa da furanni ma ba ta ado ba ce. Abu uku ne a ciki: sukari da zai ciyar da furen, sinadari mai tsami da ke sauƙaƙa hawan ruwa cikin kara, da maganin kashe bakteriya. Wanda ya zuba sukari zalla, bakteriya ya ciyar. A riƙa canza ruwa duk bayan kwana biyu. A kuma nisanta furanni da kwandon 'ya'yan itace, haɗa su wuri ɗaya kuskure ne da ake yawan yi a teburin biki, domin ayaba da tuffa masu nuna suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa fure tsufa da wuri har ya zube.

Sai maganar abin da zai riƙe kara a inda aka sa shi. Tun 1954, lokacin da V. L. Smithers ya ƙirƙiro koren soson nan mai suna Oasis a jihar Ohayo ta Amurka, masu sana'ar suka rungume shi, domin yana riƙe ruwa kuma duk inda aka soka kara nan zai tsaya. Matsalarsa ita ce roba ce, ba ya ruɓewa, yana marmashewa ya bi ruwa. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya da ke shirya baje kolin furanni na Chelsea a Landan ta hana amfani da shi a wuraren nuninta daga 2021. A ganina hanyar da ta riga shi ta fi: a dunƙule ragar waya irin ta kejin kaji a sa cikin mazubi, ko a gitta salatif a bakinsa ya yi ƙananan tagogi, ko a yi amfani da kenzan na Japanawa, wani ɗan faranti mai nauyi da ƙusoshi a tsaye. Da waɗannan, kara cikin ruwa sosai yake zaune, kuma ana iya sake amfani da su shekara da shekaru.

Jerin kansa da ganye ake farawa, shi ne ke fitar da siffa ya kuma rufe waya. Sai manyan furanni da ido zai fara sauka a kansu, uku ko biyar, ba a layi ɗaya ba, wani ya ɗan nutse ciki wani ya leƙo. Dogaye masu tsini su ba da tsayi, ƙanana su cike gurbi. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsayin furanni ya kai na mazubi sau ɗaya da rabi. Launi biyu ko uku sun wadatar.

Na tebur yana da nasa sharaɗin, kuma nan ne masu kuɗin sayen furanni da yawa ke ɓata aiki. Mutane sun zauna ne don su ga juna su yi hira, saboda haka kada tsarin ya wuce kamar santimita 30. Hanyar gwaji mai sauƙi: ɗora gwiwar hannu a kan tebur, ka dunƙule hannu sama, kada furen ya wuce nan. Ta kowane gefe za a kalle shi, don haka a riƙa juya mazubi ana jeri, kada a bar masa baya. Fure mai ƙamshi sosai ba na wurin cin abinci ba ne. Idan za a kunna kyandir, a tabbatar harshen wutar ya yi nisa da ganye, musamman busasshe.

A ƙasashen da ake bikin Kirsimeti, jan tsiron foinsetiya ne ya fi cika tebura. Asalinsa Meziko, an kuma raɗa masa sunan Joel Poinsett, wakilin Amurka na farko a can cikin shekarun 1820. Jajayen nan da ake gani ganye ne, ainihin furen 'yan ƙananan rawaya ne a tsakiya. Yana zubar da farin ƙaro idan aka yanke shi, shi ya sa aka fi ajiye shi da tukunyarsa.

Na kyauta kuma dami ake yi a hannu. Ana riƙe karan farko tsakanin babban yatsa da manuniya, kowane sabon kara a ɗora shi a karkace ta fuska ɗaya, ana juya damin kaɗan kaɗan, har karan su murɗe kamar igiya. A ɗaure a inda suka haɗu, a daidaita gindi. Idan an yi daidai, damin zai tsaya da kansa a kan tebur. A zaɓi toho da ya fara buɗewa, domin ya ƙarasa a gidan wanda aka ba, a kuma naɗe gindin da jiƙaƙƙiyar takarda idan tafiyar da nisa.

Ya kamata mai kyauta ya san gidan da zai kai. Furen lili guba ne ga kyanwa, ko ƙurar furen ta lasa yana iya lalata mata ƙoda, kuma ƙurar tana ɓata tufafi, don haka a tsinke 'yan kawunan da ke ɗauke da ita da zarar ya buɗe. A Faransa da Italiya furen kirisantimam na maƙabarta ne, ana kai shi kaburbura a farkon Nuwamba. A Rasha kuma adadin da ya rabu biyu daidai na jana'iza ne, mai rai uku ko biyar ko bakwai ake ba shi. Idan an miƙa damin, a gaya wa mai karɓa ya cire takarda, ya datse kara, ya sa a ruwa mai tsabta nan take, nesa da rana da iskar fanka.